Ranar Da Majigi Ya Yi Shiru A Nukkai

Wata Asabar ce bayan an gama karyar masara, shekarar da nake aji huɗu na firamare, motar majigi ta shigo Nukkai da la'asar. Muna dawowa daga rafi muka hango ana ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu a filin makarantarmu. Na dire tulu da gaggawa har rabin ruwan ya zube, Goggo tana ta faɗa, ban ko waiwaya ba.

A lokacin ina fama da i'ina mai tsanani. Idan Malam ya ce in tashi in yi karatu, sai harshena ya maƙale a harafin farko, yara su yi ta bugun benci suna dariya. Baba ba ya jure ganin ana yi wa 'yarsa dariya, don haka ya yanke cewa daga ƙarshen zangon zan bar makaranta in riƙa bin Goggo gona. Na yi kuka har na gaji, domin ina son makarantar nan kamar raina. Abin da Baba bai sani ba shi ne muna da namu majigin a bayan rumbu. Yayana Bello yakan yanka kwali ya fitar da mutane da jakuna, mu rataya tsohon zanen Goggo, mu kunna aci-balbal a baya. Ni ke yi musu magana. Muddin ina ɓoye bayan zane ina aron muryar wani, ko sau ɗaya harshena ba ya sarƙewa.

Bayan magariba fili ya cika maƙil, har da mutanen Iware da suka zo a kan kekuna. Aka kunna inji, hoto ya fito: wani malalacin manomi yana zuba ɗanyar masara a rumbu, matarsa tana hana shi. Sai lasifika ta yi wata ƙara, ta mutu murus. Mai majigi ya taɓa nan ya bugi can, shiru. Mutanen cikin ƙyalle suna ta motsa baki, na fili kuma suka fara naɗe tabarmi. Ban ankara ba Bello ya ja hannuna har gaban mutumin ya ce, "Oga, ka bar ƙanwata ta yi musu magana, wallahi ta iya." Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya naɗe wani kwali kamar mazurari ya miƙo mini.

Na zagaya bayan ƙyallen. Manomin na buɗe baki na ba shi muryar maƙwabcinmu mai yawan hamma, matar kuma na ɗora mata masifar Goggo, har da Fulatancin da take haɗawa idan ranta ya ɓaci. Da ƙwari suka cinye masarar na sa shi kururuwa da guntun Mumuyancin da na tsinta a kasuwa. Fili ya kece da dariya, waɗanda suka tashi suka dawo suka zauna. Karo na farko ke nan da na ji ana dariya saboda ni amma ban ji kunya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Da aka gama, mai majigi ya fito da ni gaban jama'a. Ya ce a duk duniya haka aka fara kallo, hoto yana motsi wani yana tsaye a gefe yana bayani. "Shi kansa fim bebe aka haife shi, daga baya ya koyi magana," in ji shi. Baba yana sahun gaba, hawayen dariya bai bushe masa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wannan bakin ne zan kai gona? Litinin ki koma aji."

Yau ni ce ke tsayawa gaban allo a Jalingo, i'inar ma sai jefi-jefi take leƙo ni. Ɗalibaina suna kallon finafinan duniya a waya, kowa da abin ji a kunne, kowa yana dariyarsa shi kaɗai. Sautinsu ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma ina kewar filin nan da gari guda ya tsaya yana saurarena. Da lasifikar nan ba ta mutu ba, da har yau Baba bai ji muryata ba.