Bangon da Aka Shafa Maka a Bayan Idonka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina shagona na sayar da fenti aka zo mini da labarin rasuwarka, Bari-Ya-Bushe, mai fentin layinmu, abokin cinikina kuma abokin gardamata. Da la'asar muka kai ka makwancinka. Wannan na Allah ne, mun karɓa. Abin da ya biyo baya kuwa na mutane ne, shi ne na kasa haɗiyewa.

Ba a banza aka laƙa maka sunan nan ba. Duk mai gidan da ya matsa maka da gaggawa amsarsa ke nan. Ba ka taɓa buɗe gwangwani ba sai ka jiƙa tsumma da sifirit ka goga a bango. In launi ya biyo tsumman, fentin ruwa ne. In ya ƙi, na mai ne. Kullum kana cewa na ruwa ba ya zama a kan na mai sai an kashe sheƙin da samfefa, an yi shafin farko da firaima. Ni ɗan kasuwa ne, burina kaya su fita, amma sau da yawa kana mayar mini da mai saye hannu rabbana, wai tukuna ya je ya goge bangonsa. In yi ta mita, kai kana dariya.

Na tuna lokacin da matar wani tela ta haihu, mijin ya nace sai fentin mai don ɗaki ya yi ƙyalli. Ka ce warinsa zai kama ƙirjin jaririya. Ka wuni kana gugar bango da samfefa, ka shafa na ruwa, kuma ko shayi ba ka yarda ka sha musu ba.

To, washegarin binne ka, ƙanenka ya ga koren fentin zaurenka ya tsufa, ga manyan baƙi za su zo gaisuwa. Ya kwaso masu shafa fenti da rola, kafin azahar sun lafta farin fentin ruwa a kan fentin man da ka shafa da hannunka. Ba guga, ba firaima. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Yaya, ai fenti fenti ne." Na ce, "Ƙanena, ai riga ma riga ce, me ya hana ka sa ta matarka?"

Masu gaisuwa suka jingina, kujeru suka karce, bango ya kama saɓa kamar maciji. Da kunnena na ji wata baƙuwa tana kakkaɓe mayafi tana cewa, "Ashe haka aikin nasa yake? Gidansa ma ya gagare shi." Matarka tana zaune ta ji, ta sunkuyar da kai. Ba ka bar gona ba, ba ka bar mota ba. Suna ka bari, shi ne aka so a ɓata cikin wuni ɗaya da bokitin fenti.

Jiya matarka ta ɗauko mini abin kankararka daga cikin kayan aikinka. A gaban kowa na sa shi a kusurwa, farin ya taso falle guda har ƙasa. Korenka na nan a ƙarƙashi, sumul, ko tsaga babu. Duk mai zuwa gaisuwa yanzu a jikinsa zai jingina, kuma zai tashi da rigarsa fes.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga matarka da 'ya'yanka ina miƙa ta'aziyyata, Allah Ya ba ku haƙuri. Ƙanenka ma ina yi masa gaisuwa, don na san rashin ya taɓa shi. Sauran bangwayen zauren suna jiran sa, na ajiye masa samfefa.