Matan da Suka Tare Mini Hanya a Dajin Jami'a

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ni direban tanka ne a wata masana'antar jimar fatu a Challawa. Daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel na zo, na kama ɗaki ɗaya a Panshekara da matata da 'yarmu. Ban taɓa tambayar abin da aka ɗora mini ba, inda aka nuna nan nake kaiwa.

Da ramin dagwalon masana'antar ya cika, sai shugaban direbobi ya ce in riƙa kwasa ina kaiwa dajin da ke bayan jami'a, wai ba mai shi. Na san ƙarya ne. Jami'a ce ta keɓe shi don ɗalibai masu nazarin tsirrai, ta kuma bar mutanen ƙauyen gefe suna tsintar ɗorawa, suna shayar da dabbobi a tafkinsa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne lokacin da na zaɓa. Ranar Juma'a nake zuwa, daidai sa'ar da maza suka tafi masallaci, in buɗe famfo in juya kai saboda wari. Kafin damina ta fita dagwalon ya gangara tafkin, ciyawa ta ƙone, kifi ya taso ya mutu, awaki suka fara zubar da ciki.

Ashe mutanen ƙauyen sun haɗa kai da wani malamin jami'ar, sun kafa ƙungiya, suna gadi bi da bi. Wata Juma'a na gama zubarwa na juyo, sai na tarar mata sun gindaya itace a hanya sun zauna a kai. Ana haka aka sauko daga masallaci, samari suka iso da sanduna, wani na neman ashana ya ƙona motar. Wallahi na riga na fara salati.

Wata tsohuwa mai sana'ar daddawa ce ta tsaya a ƙofar motar, ta ce duk mai son taɓa ni sai ya fara da ita. Sannan ta miƙo mini hannayenta ta taga. Fatar duk ta saɓule, don a tafkin nan take wanke kalwa. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, sauko ka sha ruwa, na rijiya ne, ba naka ba." Na sauko, na durƙusa na ce Inna ku yafe mini.

Malamin ya shaida mini cewa masana'antar ta nemi a yanka mata wani ɓangare na dajin, tana musun cewa dagwalon nata ne, su kuma ba su da shaida. Ya roƙe ni in ba da shaida, amma ya ce ba zai tilasta ni ba. Kwana uku ina juya maganar, har matata ta ce gara mu koma ƙauye da ta ci gaba da girka abin da aka samo ta wannan hanya. Na je gaban hukumar jami'a na faɗi komai. Aka hana masana'antar filin, aka kewaye tafkin, ni kuma masana'antar ta kore ni a makon.

Mutanen da na cuta su ne suka riƙe ni. Suka ara mini gona, tsohuwar nan na aiko mana da daddawa da tsaba, har malamin ya samo mini tuƙin motar ɗalibai. A nan na yi ritaya.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da masu tsare ƙasarsu ba tare da sun zubar da jinina ba. 'Yan'uwana direbobi da leburori, kada ku fake da cewa aiko ku aka yi. Wanda ya aiko ni bai taɓa taka dajin nan ba. Ni na buɗe famfon, kuma ni aka samu a wurin.