Ƙullin Mayafin Rakiya

Har yau ban manta da safiyar da na fara ganin mayafin nan ba. Shuɗi ne mai ratsin azurfa, wata mata ta shimfiɗa shi a ƙasa tsakanin turaku biyu na ƙarfe, a bakin gudurun, titin kwalta da kamiyoyi, manyan motocin ɗaukar siminti, ke bi. Ta duƙa a kansa kamar mai addu'a. Ina bisa babur zan tafi buro, wato ofis, sai zuciyata ta ce: wannan wani take jira, wanda ya yi mata alkawari ya tafi. Ni mutum ne da littattafan soyayya na kasuwa suka raina, komai na gani sai na ɗaura masa labari. Na wuce ina murmushi. Ban san aikina take taɓawa ba.

Ku da kuka zo daga baya, bari in yi muku bayani. Lokacin ni ne mai awon ƙasa a meri, wato ofishin ƙaramar hukumarmu da muke kira kwamina, cikin yankin Malbaza. Konsiyoyi, wato zaɓaɓɓun wakilan unguwanni da ƙauyuka, sun zauna sun ware kaso daga kuɗin shekara don a yi wa masu tafiya a ƙasa da masu keke 'yar hanya tasu, daga lakwal, makarantar boko, zuwa kasuwa, saboda kamiyoyi sun hana kowa sakat. A takarda sunanta "hanyar keke". A kowace mashiga za a zuba ginshiƙai biyu na siminti, a bar tsakani daidai wucewar keke, don kada mota ko adaidaita ta kutsa. Ni na auna, ni na kafa turakun da ke nuna inda ginshiƙan za su tsaya.

Ranar Litinin ɗan kwangila ya zo buro yana huci. Ya ce awon da ke ƙasa bai dace da na takarda ba, kowace mashiga ta ƙaru da taƙi guda. Na je na gyara. Sati ya zagayo, turakun suka sake buɗewa. Taƙi guda cif, a mashiga huɗu.

Sakatare-janar, wanda shi ne shugaban ma'aikatan meri, ya kira ni ya rufe ƙofa.

"Mushe Habu," ya ce, haka ake kiran ma'aikaci a wajenmu, kamar a ce Malam, "turaku na da ƙahwahu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Alhaji Tanko adaidaita nawa gare shi?"

"Ukku."

"Kuma an gan ka kana cin nama a rumfatai." Ya cire tabarau. "In turakun ga suka sake motsi, kai za ka motsa."

Alhaji Tanko konsiye ne, kuma shi kaɗai ya ƙi ɗaga hannu ranar ƙuri'a. Na fita ina zargin kowa. Na zargi Alhajin. Na zargi ɗan kwangila, na ce so yake a ce aiki ya ƙaru. Har sakataren na zarga, don na ji yana da ƙanen mata da ya karanta awo yana zaune gida. Sai matar nan ta faɗo mini a rai, labarin soyayyar da na ɗaura mata ya juye. Na ce aiko ta aka yi. Ko kuwa wani abu take binnewa don aiki ya lalace a hannuna.

Ranar kasuwa, da na fito daga sallar asuba, na laɓe bayan wani dogon-yaro. Gari na yin haske sai ga ta. Ta cire mayafin, ta ɗora bakinsa a gindin turke ɗaya, ta ja shi. A jikinsa akwai ƙulli. Ta girgiza ɗaya turken har ya fita, ta kafa shi daidai kan ƙullin, ta ɗauki dutse ta buga.

Na fito. "Baiwar Allah, wa ya aiko ki?"

Ba ta razana ba. Ta kakkaɓe mayafin ta yafa. "Kai ne mai awon?"

"Ni ne. Kin san wanga aiki na iya kai ki jandarma?"

"Ba hanyar keke kunka ce ba?"

"Ita ce."

"To keken maigidana ba ya shiga."

Na ce babu keken da ba zai shiga nan ba, ko da buhun gero a bayansa. Ta dube ni kamar yadda ake duban yaro, ta nuna mini bayana.

Can a gefen gudurun wani mutum na tahowa a keken guragu mai ƙafa uku, yana juya shi da hannu. Kamiyo ya zo ya shafe shi da iska har hularsa ta tashi. Na ga yatsun matar sun damƙe ƙullin, ba ta sake shi ba sai da kamiyon ya wuce. Sunanta Rakiya. Mijin, Mamman, mai gyaran rediyo ne a kasuwa. Da mayafinta ta auna faɗin ƙafafun kekensa na baya, ta ƙara yatsu huɗu, ta ƙulle.

Da ya iso na ce, "Malam Mamman, mi ya hana ka zo meri ranar da anka kira jama'a?"

Ya yi dariya. "Na zo, Mushe. Matakalarku ukku ce. Na gaishe ta na komo."

A takardarmu ta Faransanci kalmar ba ta da harshen damo, mai ƙafa biyu take nufi. Mu muka maida ita Hausa muka shelanta a kasuwa, kuma a Hausa nasa ma keke ne.

Na rubuta rahoto, na kai zaman konsiyoyi. Aka fito da tebur waje saboda Mamman. Alhaji Tanko da kansa ya kawo adaidaita aka gwada ta a awon Rakiya, ta ƙi shiga, aka yi ta yi masa tsiya. Aka amince da ƙarin taƙi guda. Ban rasa aikina ba, amma sakataren har ya yi ritaya yana cewa, "Habu, wani abu dai ka ci." Abin da na koya shi ne, kafin ka kafa turke, ka tsaya ka ga su wa ke bin wurin.

Mamman ya bi hanyar damina huɗu, Allah ya yi masa rasuwa. Rakiya ta ba wata gurguwar yarinya 'yar lakwal keken. Yanzu tana tuyar ƙosai a gindin ginshiƙin farko. Bara na tsaya saye, na ga mayafin ya koɗe, azurfar ta zube, amma ƙullin na nan. Na ce, "Har yanzu ba ki kwance shi ba?"

Ta juya ƙosai, ba ta dube ni ba. "Ina tsoron ku sake awo, Mushe."