Ba Rowa Ce Ta Kashe Malam Zulkifilu Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, bayan la'asar, labari ya iso Ƙofar Atiku cewa motar Malam Zulkifilu Maigandi ta ƙwace a hanyar Bodinga, ta yi ta juyawa har ta faɗa gona. Kafin mutane su fito da shi rai ya yi halinsa. Yana dawowa ne shi kaɗai daga kai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ƙauyensu.

Zulkifilu, tare muka yi karatun allo, tare muka tsufa a lungu ɗaya. Na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi kamar halinka. Na kasa, domin raina a ɓace yake. Tun ba a naɗe tabarmin makokinka ba wasu suka fara raɗa cewa rowa ce ta kashe ka, wai ka ƙi kashe wa tsohuwar mota kuɗi har ta ci ka. Maganar ta shiga cikin gida. 'Yarka Nabila ta tare ni a zaure, idanunta sun kumbura, ta ce, "Baffa, gaskiya na abin da mutane ka hwaɗi, Baba shina ƙyashin gyaran mota?"

Bari in tuna wa masu raɗar wace mota suke magana a kai. Tsohuwa ce ƙirar Japan, mai kujera biyar, wadda ka saya hannu na uku da adashen albashinka na malamin firamare. Sunanka ne a takardunta, amma mu duka muka mallake ta. Ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ita ke ɗauko buhunan gero daga gona har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Da zazzaɓi ya kayar da mahaifiyata ina Gusau, kai ka ɗauke ta, ka zauna a bakin asibiti har na iso. Ban taɓa jin wani ya zo aro ka ce masa a'a ba.

To, wa ke gyara? Kai kaɗai. Lagireto ya yi yoyo a zafin bazara, mai aro ya ci gaba da tuƙi har kan inji ya ƙone, ka biya kusan albashin wata biyu ba ka ce uffan ba. Masu koyon tuƙi da motar wani suka cinye kuloci. Masu lodi suka kashe shokozoba. Batir, fanbel, baƙin mai, duk a wuyanka. Akwai shekarar da ka yi sallah da tsohuwar riga saboda ka sa sabon birki. Na ce maka ka daina ba da ita, ka yi dariya ka ce, "Ai kowa yaz zaka aro, buƙata ta kawo shi." Wannan mutumin ne yau ake kira marowaci.

Da maganar Nabila ta hana ni sukuni, na tafi Tudun Wada wurin Jelani, bakaniken da ke duba maka motar tun ranar da ka saye ta. Can aka jawo abin da ya rage nata. Ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito da wani guntun ƙarfe a hannu. Bolojoyin ne, gaɓar da ke riƙe tayar gaba da jikin mota, wadda in ta fice taya take kwanciya. Tsoho ne tukuf, an cusa masa leda da guntun roba don kada ya yi ƙara, an ɗaure shi da waya.

"Wanga ba aikina ba na," in ji Jelani. "Watan jiya Malam yab biya dubu arba'in munka sa sababbi, dama da hagu. Ga na dama nan lahiya lau. Wanga na hagu wani yas sa shi."

Ban sha wahalar gane sauran ba. Mutum ɗaya ya ari motar tsakanin wancan gyara da ranar Talata, ya je biki da ita wani gari. Yanzu da kai nake, mai aro. Ka faɗa rami da gudu, ka karya sabon ƙarfe. Ba laifi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma maimakon ka sayi irinsa, ko ka zo ka faɗa, sai ka tsaya a bakin hanya aka lallaɓa maka ruɓaɓɓe. Daga nan ka kai ta wanki, aka goge ta har tana ƙyalli, ka cika tanki, ka miƙa makulli kana murmushi. Kuɗin man da ka zuba ya isa sayen ƙarfen. Ka zaɓi abin da ido zai gani.

Mu nan mun ɗauki wannan a matsayin kunya. Ba a mayar da kayan aro a ce na ɓata, shi kuma mai kaya ba ya dubawa, don kara. Zulkifilu bai leƙa ƙarƙashin motar ba. Ina tsaye ya karɓi makullin, ya dube ni ya ce, "Ka ga ɗan halak, ya ciko mani tanki." Kunyar da za ta sa ka ba mutum ajalinsa a wanke ba kunya ba ce, mugunta ce.

Na gan ka a zaman makoki. Ka zauna kusa da liman, ka fi kowa ɗaga murya wurin amin. Da wani ya ce tsohuwar mota sai da kashe kuɗi, Malam kuwa hannunsa a dunƙule yake, na ga ka gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya fi komai ci mini rai. Sadiyatu kuwa, matar da ka mayar mai takaba, har jiya tana sa maka albarka. Tana cewa cikin duk masu aro kai kaɗai ka taɓa mayar da motar da mai.

Nabila, ga amsarki. Mahaifinki bai yi rowa ba. Ya gyara motarsa da guminsa, wani ya ɓata, ya ɓoye. Ƙarfen yana wurina, ki zo ki gani da idonki.

Kai kuma, ban rubuta sunanka ba, albarkacin wanda bai taɓa tona asirin kowa ba. Amma Sadiyatu ta san wanda ya cika tankin, kuma wannan rubutu zai isa gidanta. Gara ka riga rubutun zuwa, ka faɗa mata da bakinka.

Allah Ya jiƙanka, Zulkifilu, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Duk marar lafiyar da ka kai asibiti, duk tsohuwar da ka rage wa hanya, Allah Ya sa ka tarar a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sadiyatu da Nabila da ƙannenta, da dukan zuriyar Maigandi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zame muku gata. Shi kuwa wancan, ban roƙa masa sharri ba. Allah Ya hana zuciyarsa hutawa har sai ya yi sallama a ƙofar gidan Sadiyatu. Amin.