Gwaggo Cire-Waya

Ƙarfe bakwai da rabi take isa ofis, kafin mai shara ya gama goge tebura. Ta ajiye jaka, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta kunna tsofaffin kwamfutoci uku da ke ƙarƙashin teburinta. Sai ta durƙusa, duk da gwiwar da ke damun ta, ta bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu tana haka. Makon jiya ta yi ritaya, aka ba ta agogon bango, aka yi jawabin minti huɗu. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, amma gwaggona ce, kuma abin da aka tsallake a jawabin nan sai na faɗe shi.

Ofishinsu manhaja yake rubuta wa ƙananan asibitoci. Manhajar sassa-sassa ce: na rajista, na ɗakin magani, na ɗakin gwajin jini, kowanne a kwamfutarsa. Ita ba ta rubutawa. Nata ta gwada, in ta gamsu ta sa hannu. Gwajinta kuwa kowa ya san shi: ana tsakiyar nuna mata abu yana tafiya sumul, sai ta sunkuya ta fizge wayar da ta haɗa kwamfutocin, ta tsaya ta ga yadda zai yi. Samarin ofis suka sa mata Cire-Waya. Da tsiya suka sa, ita kuwa ta amsa.

"Ba a yabon igiya tana rataye a ƙusa," in ji ta. "Bari guga ya cika."

Bara waccan suka samo wani tsari na kyauta, irin wanda masu shi suka buɗe cikinsa kowa ya duba ya gyara. Aikinsa ɗan aike ne tsakanin sassan: likita ya yi tambaya daga nan, ɗakin gwaji ya amsa daga can, kamar suna ɗaki ɗaya. Samari suka mutu a kansa. Manaja ya gayyaci likitoci su zo su gani ranar Alhamis bayan mako biyu, aka miƙa mata takardar sa hannu.

Kwana tara tana yabon abin, don ba ta da rowar yabo. Yana da sauri, ana ƙara masa sashe ba tare da an kashe komai ba. Rana ta goma ta tambayi rukunin jinin wani mara lafiya na gwaji, amsa ta zo. Ta cire waya, ta tambayi na mutum na biyu. Amsa ta sake zuwa, tsaf, ba gargaɗi. Amsar mutum na farko ce. Ɗan aiken da aka tare wa hanya, maimakon ya dawo ya ce bai isa ba, sai ya maimaita tsohon saƙo.

Sakatariyar Manaja ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya a ofishinsa, don ƙofa a buɗe take.

"Hajiya, duniya duka na aiki da abin nan," in ji Manaja. "Ke kaɗai kika fi su ido?"

"Ban fi su ido ba, Yallaɓai. Na fi su sanin ɓeran da ke cin waya a asibitocinmu."

"Wa zai je yana cire waya in ba ke ba?"

"Mai shara. Iska. Ƙafar majinyaci."

"To, ko ki sa hannu kafin Alhamis, ko ki kwashe kayanki."

Saura mata shekara biyu ta yi ritaya da mutuncinta. Ta mayar masa da takardar yadda ta zo, har da bironsa.

Ranar Alhamis aka ajiye ta a kujerar can baya. Don a burge baƙi, aka sa shugabar ma'aikatan jinya ta shigar da sunanta da rukunin jininta, B, wani dattijon likita ya shigar da nasa, O. Aka tambayi nata, allo ya ce B, aka tafa. Gwaggo ta tuna ba wanda zai ɗauki mace mai shekarunta sabon aiki. Duk da haka ta miƙe, ta ratsa tsakiyar kujeru, ta durƙusa a gaban kowa ta fizge wayar.

"Yanzu a tambayi na Likita."

Saurayin da ke kan kwamfuta ya dubi Manaja, ya dubi likitan, ya danna. Allo ya ce B.

Dattijon ya gyara tabarau. "Ikon Allah. Shekara sittin ina O, yau na canja jini a zaune." Ba wanda ya yi dariya. "Da a gado nake aka ƙara min wannan, da gobe kuna gidana zaman makoki. Baiwar Allah, mene ne aikinki a nan?"

"Cire waya, ranka ya daɗe."

"To, abin da ba hannunki a kai, kada a kawo mana."

Maganar nan ce ta hana a kore ta. Amma an mayar da teburinta ɗakin ajiya, tsakanin matattun firintoci, ba taga. Daga nan ta rubuta wa masu tsarin, mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta jera musu yadda za su ga kuskuren da idonsu. Ba ta ce a watsar da shi ba. Mako uku suna musayar saƙo, suka gyara, ɗan aike ya koyi cewa "ban samu amsa ba". Ta cire waya sau arba'in. Sannan ta sa hannu.

A jawabin ritayarta Manaja ya ce, "A wancan lokaci mun gano wata 'yar matsala."

Mun? A'a, Yallaɓai. Gwaggo, ke ce kika gano. Ke ce kika durƙusa da gwiwa mai ciwo a gaban manya, kina kasada da aikinki. Ke ce ƙusar da ta ƙi lanƙwasa. Akwai mutanen da ke yawo yau da jinin da ya dace da su a jika, ba su san sunanki ba, ba za su taɓa sani ba. A madadinsu nake cewa na gode, Allah Ya saka miki, Ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma da ake miƙo wa takarda a ce ku sa hannu don baƙi na hanya, ko manhaja ce, ko gini, ko birkin mota, ku tuna da ita.

Agogon bangon yana cikin kwalinsa har yanzu. Abin da ta rataye a falo guntuwar shuɗiyar waya ce, wadda ta fizge ranar Alhamis ɗin nan. Ɗaya guntuwar ta bar wa matar da ta gaji kujerarta, da takarda mai layi ɗaya: "In suka fara tafi, ki sunkuya."