Malam Sabitu, Mai Zare Waya Idan An Ɗauke Wuta

Kafin kowa ya buɗe rumfarsa a layin kafintocin da ke bayan unguwar Yelwa a Bauchi, Malam Sabitu ya riga ya jingine kekensa. Aikinsa a layin shi ne gyaran injina da wasa zarto. Yakan fara ne da bin kowace waya da yatsunsa, tun daga bango har gindin inji, yana neman inda ɓera ya ci ko inda roba ta tsage. Sai ya duba haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya, ya busa garin katakon da ya toshe hancin injina, ya ɗiga mai inda ya bushe. In ya tarar an kwance murfin kariya daga kan zarto, wai don aiki ya yi sauri, sai ya mayar da shi ya ɗaure tamau. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka.

Amma abin da ya sa aka san shi, kuma aka raina shi, daban ne. Al'adar layin ita ce, da zarar an ɗauke wuta inji ya yi shiru, sai kowa ya yi tsaki, ya kakkaɓe rigarsa, ya nufi inuwar darbejiya. Ba mai tuna cewa makunnin injinsa yana kunne. Malam Sabitu kaɗai ke tashi ya bi rumfuna goma sha huɗu, yana kashe makunni, yana zare waya daga bango, yana rataye ta a ƙusa.

"Baba Sabitu, wutar da babu ita kake kashewa?" in ji Muktar, wani kafinta mai yawan ba'a. "Zo ka sha rake, Sarkin Tsoro!"

"Sha abinka, ɗana," in ji shi. "Ita dai in za ta dawo ba ta yin sallama."

Aka bushe da dariya. Sunan nan kuwa ya bi shi, har masu tallar abinci da shi suke kiransa.

Joel, wanda rumfarsa ke jingine da ta Muktar, shi ya ba ni labarin da ke tafe, kuma sai da na ji shi daga bakin mutum biyu kafin na rubuta. Wata rana babu wuta, Muktar ya koma rumfa ya zura hannu cikin injin fere katako, yana ciro guntun da ya maƙale. Kwatsam fanka ta fara juyawa a samansa, rediyo ya ɓarke da magana. Ya daskare, domin ya tuna bai kashe injin ba. Da ya waiwaya, sai ga wayar a rataye a ƙusa. Ya zaro hannunsa da yatsu biyar cif, ya ce, "Allah ya kiyaye." Gaskiya ne, Allah ne ya kiyaye. To, amma ta hannun wa? Har yau bai je ya ce wa dattijon nan sannu ba.

A nan ne raina yake ɓaci. Wanda ya ɗauki mai rauni ya ruga da shi asibiti, kowa na yaba masa. Wanda ya hana raunin faruwa kuwa ba shi da abin nunawa, sai a mayar da shi abin dariya. Kai ne, Malam Sabitu, ka yi shekaru kana tsare hannuwan da ke nuna ka ana ƙyalƙyala dariya. Kai ne mai gadin da ba wanda ya ɗauka, ba wanda ya gode wa.

A daminar bara, wata Talata, ya tafi Zungur gaisuwar rasuwar ƙaninsa. Yini ɗaya tak. Da hantsi aka ɗauke wuta, aka watse zuwa inuwa kamar kullum. Mika'ilu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya tsaya yana cire katakon da ya cije a bakin zarto. Wuta ta dawo. Yatsu uku na hannunsa na dama suka tafi.

Aka yi ta cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma sakaci sunansa sakaci, kuma mutum goma sha uku ne ke zaune a inuwa ranar, kowannensu ya san abin da Malam Sabitu zai yi da yana nan. Da ya dawo ya ji, sai ya zauna a bakin rumfar Mika'ilu ya rufe fuska da hularsa. Joel ya ce bai taɓa ganinsa yana kuka ba sai ranar. Shi da ba ya gari shi ke ganin laifin kansa, waɗanda ke wurin kuwa suna ta neman wanda za su ɗora wa.

Yanzu idanunsa sun yi rauni, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. A taron 'yan layi na makon jiya ya miƙe ya roƙi abu ɗaya: a sami wanda zai ci gaba da zagayen nan bayansa.

"Haba Baba," in ji shugaban layin, "wannan ai ba aiki ba ne. Kowa ya kula da nasa."

"Alhaji, da kowa na kula da nasa, da ban tsufa ina yawo ba. Wa zai karɓa?"

Masu ba'a suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Can daga baya aka ɗaga hannu guda. Na Mika'ilu ne, mai yatsu biyu.

Mun gode, Malam Sabitu. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin mutuncin da muka kasa ba ka kana tsakaninmu. Ku kuma masu aiki da inji, a Bauchi da ko'ina, in an ɗauke wuta ku kashe makunni, ku zare waya, sannan ku nemi inuwa. Mai yatsu biyu ya ɗaga hannunsa. Ku masu goma, me kuke jira?