Tukuicin Badamagare

Da sunan Allah nake farawa, mai ba da aron rai, mai karɓar abinsa a lokacin da ya so.

Ina da ɗan gidan abinci a unguwar Dera, nan ƙasar Larabawa, ba nisa da bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi. Tuwon shinkafa muke yi da miyar kuka, ranar Juma'a mu ƙara da dambu. Yawancin masu cin abincinmu 'yan kasuwar Kano ne masu zuwa sari. Su cika kwantena su koma, sai kuma bayan watanni.

Mai kai musu abinci wani dattijo ne Badamagare, ya girme ni nesa. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Tun daga bakin ƙofa za ka ji mutum ya ɗaga murya: "Ina bawan nan nawa?" Shi kuma ya amsa daga ciki: "Zauna, Bakano, amma yau kada ka lashe mini kwano."

Mutanenmu ba sa barin tukuici a kan tebur. Mutum zai naɗe takardar kuɗi a tafin hannunsa, in ya tashi tafiya su yi musabaha, abin ya wuce daga tafi zuwa tafi. Ɗan yayata da ke da gidan abinci a Amurka ya taɓa gaya mini a waya cewa a can ana rubuta tukuicin ma'aikata, har gwamnati ta rage wa mai gidan haraji a kansa. Ya ce, "Kawu, ku dai asara kuke yi." Na ce masa nan ba a haka, kuma ko ana yi, ni ban san yadda ake rubuta abin da ya wuce cikin musabaha ba.

Cikin tsananin zafi, lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, dattijon ya kwanta. Jinyar ba ta yi tsawo ba. A nan muka yi masa sutura, muka aika kayansa Damagaram aka raba gado.

Da zafi ya sassauta, 'yan kasuwa suka fara dawowa, kuma babu wanda ya ji labari. Mutum zai turo ƙofa yana dariya, yana kiran bawansa, gidan ya yi tsit. Wani ma tun daga mota ya naɗe abin da zai ba shi, sai ka gan shi tsaye da hannu a dunƙule, ya rasa inda zai kai. Na mayar da kujerata bakin ƙofa don in tare mutum kafin ya ƙarasa wasan. Duk wanda na gaya wa, sai in ji kamar ranar aka yi rasuwar.

Wata rana na tafi Alƙus, unguwar manyan ɗakunan ajiyar kaya, ɗauko shinkafa. Da na dawo, mai karɓar kuɗinmu, mutumin Bangladash, ya miƙo mini takardar kuɗi a naɗe. Ya ce wani Alhaji ne ya ci abinci a gurguje, tasi na jiransa zuwa filin jirgi, ya duba bai ga dattijo ba, ya ce a ba shi. Kafin ya haɗa kalmomin da zai gaya masa, mutumin ya fita.

Na san hukuncin tun ina gaban malaminmu, kuma na sake tambayar limamin masallacinmu ya tabbatar. Mamaci ba ya karɓar kyauta. Abin bai shiga hannunsa yana raye ba, don haka ba gado ba ne, ba na iyalinsa ba ne. Yana nan a matsayin dukiyar wanda ya bayar, ni kuwa ban san ko wane ne ba.

Ban warware takardar ba. Na sa ta a aljihun gaban rigata, in na canza riga in mayar da ita. A sujada ina jin ta a ƙirjina. Na ga yadda dattijon ya tafi ba sallama, sai tsoro ya kama ni kada in bi shi da amanar wani a aljihu. Wani lokaci in ji ƙarar faranti a bayana, in juya da niyyar in ce masa ga saƙonka.

Mai karɓar kuɗi ya ce Alhajin dogo ne mai jar hula. Rabin Kano ke nan. Mai dafa abinci ce ta tuna an mayar da miya a ranar, an ce a kawo marar yaji saboda gyambon ciki, a ƙara man shanu. Da wannan na riƙa bin ofisoshin masu kago, wato masu tura wa 'yan kasuwa kaya gida, a unguwar Fot Sa'id, ina tambaya suna dariya. A ƙarshe wani Bamaraɗe ya ce, "Alhaji mai sarin tayil ne. Ko shayi na ba shi sai ya tambayi abin da ke ciki." Ya kira shi ya miƙo mini wayar.

Muka gaisa, na faɗi ko ni wane ne.

"Malam, lafiya? Ko bawana ne ya raina abin da na bar masa? Ka ce masa Badamagare bai wuce haka ba."

Na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa tun cikin zafi."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, da wani yana tayin kaya. Sai ya yi salati.

"Wato gudu ya yi, bai nemi izinin ubangidansa ba." Sannan ya ce, "Wa ya yi masa wanka?"

"Ni ne, da liman."

"Allah ya saka. Allah ya jiƙansa."

Na gaya masa kuɗinsa na hannuna, sai abin da ya ce. Ya ce a kai wa iyalinsa, a ce gaisuwa ce daga Kano. Na maimaita masa don in tabbatar, ya ce haka ne. Da yammacin ranar na ba wani mai komawa Damagaram.

Akwai waɗanda har yanzu ba su dawo ba. Wani mai sayen turare, da wasu 'yan'uwa biyu masu kayan gyaran mota, waɗanda suka fi kowa tsokanarsa. In aiki ya kai ni Alƙus, sauri nake yi in dawo.